Motocin da Ke Kan Takarda: Fakin, Izinin Gini da Haƙƙin Masu Buƙata ta Musamman a Bauchi

Duk wanda ya taɓa riƙe zanen ginin rukunin shaguna kafin a kai shi neman izini ya san ƙananan akwatunan nan da mai zane ke jerawa a gaban gini, wani lokaci har da hoton 'yar mota a cikin kowanne. Su ne wuraren fakin. Da su ake nuna wa hukuma cewa motocin masu zuwa sayayya ba za su tare titi ba. A ba ginin shekara biyu da buɗewa, sannan a koma a ƙirga. Akwati ɗaya janareta ya zauna a kai, biyu an ɗora musu kwantena an ba da haya, na kusa da ƙofa mai POS ya kafa lema, sauran kuma mai shagon ƙasa ya baje katifu da jarkokin mai. Motocin da aka zana suna can bakin kwalta, rabin jikinsu a kan hanya.

Ana ganin haka a titin Ahmadu Bello, da titin Yandoka, da hanyar Jos, da kewayen Wunti da kasuwar Muda Lawal. In cunkoso ya yi tsanani sai wasu su ce direbobi ba su da haƙuri, wasu su ce 'yan BAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar, ba sa aikinsu, wasu kuma su ce sun cika takura wa mutane. Alhali jami'in da ke tsaye cikin rana yana korar motoci gadon matsalar ya yi. Tun a teburin mai zane aka haife ta, aka raɗa mata suna a ofishin ba da izini.

Ƙa'idoji biyu ne ke haɗuwa a wannan 'yar farfajiya ta gaban gini. Ɗaya ta tsara gari ce, wadda ke cewa gini iri kaza mai girma kaza sai ya tanadi wurin motoci kaza a cikin filinsa. Ɗayar ta haƙƙin masu buƙata ta musamman ce, wadda ke cewa gurgu da makaho da tsohon da ke dogara sanda su iya isa ƙofa su shiga. A ganina mun juya su baibai. Ta farko, wadda ya kamata a riƙa lanƙwasa ta gwargwadon unguwa da irin sana'a, ita muka ƙanƙame a takarda muna yaudarar juna da ita. Ta biyu, wadda bai kamata a yi cinikinta ba ko kaɗan, ita muka bari a matsayin alfarma, in mai gini ya ga dama.

Wa ke da wuƙa da nama a nan? Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, kuma takardar mallakar da ake bayarwa kan faɗi abin da aka ba da filin dominsa, gidan zama ne ko kasuwanci ko makaranta. A 1992 gwamnatin soja ta kafa dokar tsara birane ta ƙasa baki ɗaya, Doka ta 88. Amma a 2003, a shari'ar da jihar Legas ta kai gwamnatin tarayya, Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara gari da ba da izinin gini a cikin jiha hurumin jihar ne. Ke nan yawan motocin da za a ɗora wa mai gini a Yelwa ko Fadaman Mada ba Abuja ke yanke shi ba. Magana ce ta Bauchi da Hukumar Raya Birane ta jihar, kuma suna da damar tsara ta yadda ta dace da garin.

Asalin ƙirga motoci ga kowane gini daga Amurka ya yaɗu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu motoci suka cika biranensu, bakin titi ya gaza, sai ƙananan hukumomi suka ɗora wa masu gini nauyin samar da wurin ajiyewa. Adadin da ya yi fice shi ne mota 4 ga kowace murabba'in ƙafa 1,000 ta shago, wato kusan mota ɗaya ga murabba'in mita 23. Donald Shoup, malamin tsara birane a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, wanda ya rasu a 2025, ya shafe shekaru yana bin diddigin irin waɗannan lambobi. Ya nuna cewa galibi wani gari ne ke kwafa daga wani, kuma ƙididdigar da aka gina su a kai an yi ta ne a unguwannin bayan gari inda fakin kyauta ne, kowa da motarsa, kuma a lokacin da wuri ya fi cika. Lambar da aka auna da rayuwar mutumin da ba ya taka ƙasa sai da mota, ita ce ta bi littattafan koyar da tsara gari ta iso wuraren da yawancin masu sayayya a ƙafa suke zuwa.

Mu yi lissafin da ƙafa da mita. Mota ɗaya tana cin kusan mita 2.5 a faɗi da mita 5 a tsawo. Wannan wurin kwanciyarta ne kawai. Kafin ta shiga ta fita ba tare da ta goge maƙwabciyarta ba, tana buƙatar hanya mai faɗin kusan mita 6 a bayanta. In an raba wannan hanya da mashiga a kan motocin, kowace mota takan tashi a murabba'in mita 25 zuwa 30. Shago guda ke nan mai kyau, har da ɗan sito.

To ga mutum da fulotinsa ɗari-ba-ɗari, kusan murabba'in mita 930. Yana son ya yi bene hawa ɗaya, ƙasa mita 300, sama mita 300. A ce, don misali, an yi masa sassauci an ce mota ɗaya ga kowace mita 30. Motoci 20 ke nan, kuma za su cinye wajen mita 560. A haɗa da mita 300 da ginin ya zauna a kai, saura mita 70. A cikinta ake son sokawe, da tankin ruwa, da ɗakin janareta, da tazarar da doka ta ce a bari tsakaninsa da maƙwabta. Ba za ta yiwu ba, kuma mai zane ya san ba za ta yiwu ba. Sai ya matse akwatunan, ya cire hanyar juyawa, ya jera motocin hancinsu na kallon shago, ta yadda kowace in za ta fita sai ta yi ribas kai tsaye cikin babban titi. Wanda ke da hamsin-ba-ɗari kuwa ba a ma maganarsa.

Ƙa'idar da ba a iya cikawa, ba ta hana gini. Farashin izini kawai take ɗagawa, kuma ba duka ƙarin ke shiga asusun gwamnati ba. In kuwa aka samu mai gini mai tsoron Allah ya cika ta, kuɗin filin da ya sadaukar yana komawa kan hayar shago, hayar shago ta koma kan farashin kaya. Matar da ta taho daga Bakaro a Keke Napep ta sayi atamfa ta biya wani ɓangare na inuwar da motar Alhaji ta kwana a ciki, ba ta sani ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuma, ma'aikata da dama sun jingine motocinsu sun koma babur da keke, amma lissafin takarda bai san an yi ba.

A cikin ganuwa abin ya fi zama wasan yara. Garin da Malam Yakubu ya kafa a farkon ƙarni na 19 an tsara lungunansa ne don mutum da doki da jaki. A Jahun ko Nassarawa ko Makwalla akwai gidajen da mota ba ta taɓa isa ƙofarsu ba. In magada suka so rushe gidan ƙasa su tayar da na siminti da shaguna biyu a gaba, aka ce sai sun kawo wurin mota huɗu, to an ce musu ne ko dai su bar shi ya ruguje ko su yi gini a ɓoye.

Irin waɗannan matsaloli ne suka sa birane da dama suka janye daga tilascin fakin. Landan ta koma ƙayyade iyakar fakin da aka yarda a gina, maimakon mafi ƙarancinsa, a 2004. Birnin Buffalo na Amurka ya soke ƙa'idar gaba ɗaya a 2017, birnin Meziko ma a shekarar ya koma bin tsarin iyaka. Sai dai kada mu yi saurin cewa mu ma a soke. Landan na da jirgin ƙasa da bas a kowane lungu, kuma a tsakiyar birnin wanda ya ajiye mota a bakin titi zai biya ko a ci shi tara. Shi kansa Shoup bai ce a soke a tafi a kwanta ba. Abu uku ya haɗa: a cire tilascin, a sa wa fakin bakin titi kuɗin da zai sa a riƙa samun gurbi ɗaya ko biyu a kowane layi, sannan kuɗin ya koma gyaran unguwar da aka karɓe shi. A garin da bakin titi ya zama na wanda ya riga, in ka cire na farko ba ka kafa na biyu ba, ka miƙa wa masu gini titin jama'a kyauta.

Kuma akwai gine-ginen da lallai ne a tsaya musu. Ba shagon tela ko mai kayan masarufi ke toshe unguwa ba. Gidan zama ne a GRA ko Federal Low-cost da aka wayi gari ya zama makarantar kuɗi, ko asibiti, ko ɗakin taron biki, a layin da aka yi don gidaje goma. Ƙarfe bakwai da rabi na safe iyaye sun jeru layi biyu suna sauke yara, maƙwabci ya kasa fito da motarsa. Daren Asabar ana dina, motoci sun kai har ƙofar masallacin unguwa. A nan ne sauya manufar fili ke da nauyi. Lokacin da mutum ya zo neman a mayar da takardarsa daga gidan zama zuwa kasuwanci, lokacin ne hukuma ke da abin riƙe shi. Tambayar da ta dace ba "mota nawa ga mita nawa" ba ce. Mutum nawa za su taru, da wane lokaci, a kan me za su zo, a ina za a sauke su, ina motar kaya za ta tsaya? Makaranta ba ta buƙatar filin da motoci za su yini. Hanya take buƙata da mota za ta shigo ta ƙofa ɗaya, ta sauke yaro, ta fice ta wata. Ɗakin biki kuwa ko ya kawo fili, ko ya kawo yarjejeniya a rubuce da mai fili kusa, ko ya nemi wata unguwa.

Yarjejeniyar nan ba baƙon abu ba ce. Banki na cika daga safe zuwa la'asar ranakun aiki, ɗakin biki da daddare da ƙarshen mako, masallacin Juma'a awa biyu a mako, coci safiyar Lahadi. Fili ɗaya zai iya yi wa uku daga cikinsu hidima. A wasu ƙasashe kuma mai ƙaramin fuloti kan biya hukuma kuɗi a madadin gurbin da ya kasa samarwa, a tara a gina filin fakin na kowa. Wannan zai yi amfani a kewayen Babbar Kasuwa, da sharaɗin kuɗin ya zauna a asusu na daban da 'yan kasuwar za su iya bin sawunsa. In ba haka ba ya zama wani harajin kawai. Sannan a fara ƙirga abin da mutane ke hawa da gaske. Gurbin mota ɗaya na ɗaukar babura biyar ko shida. Keke Napep bai kai mita uku a tsawo ba, kuma ba fakin yake yi ba, tsayawa yake ya sauke ya ɗauka. Zanen da ya nuna motoci ashirin amma babu inda keke zai raɓe, bai san Bauchi ba.

Yanzu ga ƙa'ida ta biyu. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda ake kira dokar 2018. Ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga wa'adin shekara biyar su gyara, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Ta ce kafin a yi irin wannan gini sai an duba zanensa, kuma jami'in da ya amince da zanen da ya saɓa wa ƙa'idar gini zai iya fuskantar tarar naira miliyan ɗaya ko ɗaurin shekara biyu ko duka biyun. A kan fakin ta ce a keɓe gurabe a yi musu alama. Mai lafiyar da ya ajiye mota a ciki tararsa naira 5,000, sai fa in yana ɗauke da mai lalurar. Mai filin da ya ƙi keɓewa kuwa naira 1,000 a kowace rana. Ko ranar da aka sa hannu wannan kuɗi bai tsorata kowa ba, balle yau da bai wuce farantin shinkafa da wake ba. Bauchi tana cikin jihohin da suka riga tarayya yin tasu dokar, tana kuma da hukumar kula da masu buƙata ta musamman. Ke nan ba rashin doka ke damunmu ba.

Dokar tarayya ta ce gurabe "masu dacewa", ba ta faɗi nawa ba, ba ta faɗi faɗinsu ba. Amurka, ƙarƙashin dokarta ta 1990, ta faɗa dalla-dalla: fili mai gurbi 1 zuwa 25 ya keɓe ɗaya, 26 zuwa 50 biyu, har zuwa huɗu a cikin ɗari. A sashen asibiti na masu zuwa a duba su su koma gida kashi 10 cikin ɗari, a wurin gashin ƙashi kashi 20. Gurbin kusan mita 2.4 ne, da ƙarin fili mita 1.5 a gefensa inda za a buɗe ƙofa gaba ɗaya a sauke keken guragu, kuma gurabe biyu na iya raba wannan fili na tsakiya. Ƙasan ya zama shimfiɗaɗɗe, ya kuma kasance mafi kusa da ƙofar shiga. Ma'aunai ne masu kyau, ba laifi a are su.

Amma a lura da inda gizo ke saƙa. Lissafin nasu kaso ne na fakin ɗin da aka gina. In aka rage gurabe, na guragu ya ragu. In ba a gina ko ɗaya ba, babu abin da za a keɓe. Duk garin da ya sassauta ƙa'ida ta farko bai kula ba, ya tafi da ta biyu. New Zealand ta gane haka: a 2020 da gwamnatinta ta umarci manyan biranenta su cire tilascin fakin, ta ware na masu buƙata ta musamman ta ce wannan yana nan. A wurinmu haɗarin ya ninka, domin gurabenmu ba doka ke cire su ba, kwantena ke cinye su, kuma na kusa da ƙofa, wanda shi ne na gurgu, shi ya fi tsada a wurin mai neman haya.

Sannan nawa ne cikin guragun Bauchi ke da mota? Mu bi wanda ya zo kantin magani a Keke Napep. Direba ya tsaya a bakin kwalta, na baya suna ta hon. Ɗan rakiya ya sauko da keken guragun daga baya ya buɗe shi a kan titi, don babu wani wurin. Tsakaninsu da farfajiya akwai buɗaɗɗiyar kwata, an gitta mata katako biyu ko murfin siminti da ya karye a gefe. Sun haye da taimakon mai shayi. Farfajiyar an yi mata intalok amma babura sun cike ta. A ƙofa matakala huɗu, saboda mai gini ya ɗaga daɓe gudun ruwan Agusta. A gefe akwai wata 'yar gangara mai santsin tayil, wadda a gaskiya an yi ta ne don tura babur cikin shago da daddare. Ƙarshenta sai a ɗauke shi cak, kamar kaya, ko ya zauna a rana ya miƙa takardar likita a shiga a sayo masa. Fentin shuɗi da hoton keke a ƙasa, ko da an yi, bai taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Gangarar da mutum zai iya hawa da ƙarfin hannunsa, ma'aunin da aka fi yarda da shi a duniya shi ne kowane tashi na mita ɗaya a ba shi tsawon mita 12. Daɓe mai tsayin santimita 60 na buƙatar gangara mai mita 7.2, ban da wurin hutawa a sama da ƙasa. Ta fi mota tsawo. Shi ya sa ba a iya liƙa ta bayan an gama gini, kuma shi ya sa take rigima da akwatunan fakin a kan farfajiya ɗaya. In an yi tunaninta tun a zane, abu ne mai sauƙi: a kwantar da ita a jikin bangon gaba, ko a ɗaga farfajiyar a hankali tun daga bakin kwata yadda tsayin zai narke, ruwa kuma ya gangara inda ya kamata. In ya zama dole a zaɓa tsakanin gangarar da gurbin mota biyu, a bar motocin su tafi. Mai mota zai iya ajiyewa a gaba ya tako.

Don haka abin da ya kamata ya zama tilas ga kowane ginin da jama'a ke shiga, ko yana da fakin ko ba shi da shi, shi ne wurin sauke mutum a gefen hanya ba a kan kwalta ba, da hanya shimfiɗaɗɗa mai faɗin da keken guragu zai wuce daga nan har ƙofa, ba rami ba mataki. A ƙara da ɗan wuri mai inuwa kusa da ƙofa don keken nan mai taya uku da ake tuƙawa da hannu, da babur mai taya uku, waɗanda su ne motocin yawancin guragunmu, kuma ba sa shiga cikin shago. Makaho kuma abin da ya fi buƙata shi ne kada hanyar ta riƙa canjawa kullum, yau allon talla gobe janareta. Inda akwai filin motoci, sai a ɗora gurbin da aka keɓe a kan wannan.

Saura duba. Izini a kan zane rabin aiki ne. Kamata ya yi a koma bayan an gama gini kafin a buɗe, a kuma riƙa komawa lokacin sabunta izinin kasuwanci, a gwada abin da ke ƙasa da abin da ke takarda. Ranar dubawar a tafi da wakilin ƙungiyar masu buƙata ta musamman da kekensa. Minti biyu sun ishe shi ya faɗi abin da injiniya zai yi ta aune-aune a kai.

Akwai kuma ɓangaren da ba na mai gini ba. Kwata da gefen titi na gwamnati ne, kuma dokar 2018 ta ambaci hanyoyin masu tafiya a ƙasa da wuraren tsallaka titi a cikin abin da dole a gyara. An kashe kuɗi mai yawa a 'yan shekarun nan wajen faɗaɗa titunan Bauchi da gadojin sama na Wunti da Babbar Kasuwa. Duk kwangilar titi da za a bayar nan gaba ya kamata ta ƙunshi murfin kwata mai ƙarfi daidai da tsayin hanya, da sassauta dutsen gefen titi a mashigai, da 'yan wuraren raɓewar Keke Napep a kusa da asibitoci da bankuna da kasuwanni. A lokacin da ake zuba kankare kuɗin wannan kaɗan ne a cikin kwangilar. In an bari sai an gama, sai an fasa abin da aka riga aka biya.